Ƙuncin jinsi: Abin da likitoci suka sani da inda suka saɓa

Batun mutanen da ke jin cewa jinsin da ke ransu ya saɓa da halittar jikinsu ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi jawo taƙaddama a fagen likitanci a ƙasashen Turai da Amurka.

A watan Afrilun 2024, wani rahoto da hukumar lafiya ta Ingila ta sa aka gudanar ya ce hujjojin da ake dogaro da su wajen bai wa irin waɗannan yara magungunan dakatar da balaga suna da rauni ƙwarai.

A watan Yunin 2025 kuma, Kotun Ƙolin Amurka ta amince da wata dokar jihar Tennessee wadda ta haramta bai wa 'yan ƙasa da shekara 18 irin waɗannan magunguna.

To sai dai a bayan wannan ce-ce-ku-ce akwai wata larura da likitoci suka shafe fiye da shekara ɗari suna nazari a kanta, wadda a yanzu suke kira disforiyar jinsi, wato ƙuncin jinsi. Kalmar disforiya ta samo asali ne daga Girkanci, tana nufin abin da ke da wuyar ɗauka.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

A hirar yau da kullum akan haɗa mata-maza, da masu neman sauya jinsi, da masu luwaɗi ko maɗigo a kwando guda. A wurin likitoci kuwa, abubuwa ne uku mabambanta.

Na farko ya shafi halittar jiki, wato jaririn da aka haifa da al'aurar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba, ko kuma wanda halittarsa ta ciki ta saɓa da ta waje. Wannan shi ne mata-maza.

Na biyu ya shafi yadda mutum ke jin kansa a ransa. Jikinsa cikakke ne na namiji ko na mace, amma yana cikin ƙunci mai tsanani domin yana jin shi ɗan ɗaya jinsin ne.

Na uku ya shafi wanda mutum ke sha'awa, kuma wannan ba ya cikin ma'anar ƙuncin jinsi.

Haka nan kalmar 'yan daudu da aka sani a ƙasar Hausa suna ne na wani rukuni a cikin al'umma, mai alaƙa da salon magana da wasu sana'o'i kamar sayar da abinci. Ba sunan wata cuta ba ne a littattafan likitanci, kuma kwaikwayon ɗabi'ar mata ko ta maza kaɗai ba ya sa likita ya ce mutum na da ƙuncin jinsi.

Yadda jinsi ke samuwa a ciki

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan'adam na ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, waɗanda ke ƙunshe da bayanan gado. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace na da XX, namiji na da XY.

A makonni shida na farkon ciki, ɗan tayin namiji da na mace ba su da bambanci a halitta. Daga nan ne wata ƙwayar gado mai suna SRY, wadda ke kan kuromozom ɗin Y kuma aka gano ta a 1990, ke sa 'ya'yan maraina su fara samuwa.

Su kuma sai su riƙa fitar da sinadaran homon, musamman testosteron, waɗanda ke gina al'aurar namiji kafin ƙarshen wata na uku. Idan babu wannan saƙo, jiki kan bi hanyar halittar mace.

Tunda matakai ne ke bin juna, ana iya samun tangarɗa a kowane ɗaya daga cikinsu.

Mata-maza

An ƙiyasta cewa a cikin jarirai kusan 4,500 zuwa 5,500, akan haifi ɗaya da ba a iya tantance jinsinsa da ido. A 2006 ƙwararrun likitocin yara suka fitar da matsaya guda kan yadda za a riƙa bincikar irin waɗannan jarirai da kula da su.

Sanadin da ya fi yawa shi ne wata larura ta gado da ake taƙaita sunanta da CAH, wadda ke shafar wasu ƙananan sassa biyu da ke zaune a kan ƙoda. Tana samun kusan jariri ɗaya cikin 15,000. Jaririya mace mai wannan larura na da mahaifa, amma yawan homon na maza da ta samu tun tana ciki kan sa al'aurarta ta yi kama da ta namiji.

Likitoci na gargaɗin cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu nau'i mai tsanani na wannan larura suna zubar da gishirin jikinsu. Jariri kan fara amai da bushewa a makonnin farko, kuma yana iya mutuwa idan ba a ba shi magani ba. Saboda haka ɓoye irin wannan jariri a gida don gudun surutun mutane na iya janyo asarar rai.

Akwai kuma wata larurar da jiki ba ya amsa saƙon testosteron. Yarinya kan tashi da cikakkiyar siffar mace alhali kuromozom ɗinta XY ne, kuma sau da yawa ba a ganewa sai an ga ta kai shekarun balaga ba ta fara jinin al'ada ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin mata-maza, wanda suke kira khunsa. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya rufe ne da hukuncin gadon khunsa da alamomin da ake bi a gane jinsinsa, kamar mafitar fitsari, da fitowar gemu ko nono, da jinin haila. A mazhabar Malikiyya, wanda aka kasa tantancewa yana karɓar rabin kason namiji da rabin kason mace.

Mene ne ƙuncin jinsi?

Mai ƙuncin jinsi, a mafi yawan lokuta, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan laruri na jiki. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna shi. Likita na dogara ne ga doguwar tattaunawa da mutum da kuma tarihin rayuwarsa.

Tun a 1919 wani likita Bajamushe, Magnus Hirschfeld, ya buɗe cibiyar nazarin irin waɗannan al'amura a Berlin, wadda 'yan Nazi suka wargaza a 1933. Duniya ta fi sanin batun ne a 1952, lokacin da jaridu suka ba da labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa tiyata a Denmak.

A 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da larurar cikin kundinta mai suna DSM. A bugu na 2013 ta sauya sunan zuwa ƙuncin jinsi, domin ta nuna cewa abin da likita ke neman magancewa shi ne ƙuncin da mutum ke ciki.

Bisa ƙa'idar wannan kundi, dole ne saɓanin ya kai aƙalla wata shida. Ga matasa da manya, sai an samu biyu daga cikin alamomi shida, kamar tsananin son rabuwa da siffofin jinsin da aka haifi mutum da su, ko tsananin son a ɗauke shi a matsayin ɗaya jinsin. Ga yara ƙanana kuwa, sai an samu shida daga cikin takwas.

Akwai kuma babban sharaɗi: dole lamarin ya jefa mutum cikin ƙunci mai tsanani, ko ya hana shi karatu, ko aiki, ko zama da jama'a. Yarinyar da ta fi son ƙwallo a kan 'yar tsana ba ta shiga wannan ma'ana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bi wata hanyar. A sabon kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a 2022, ta cire lamarin daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa ta mayar da shi babin lafiyar jima'i, ta kuma kira shi rashin dacewar jinsi. Hukumar ta ce ta yi haka ne don rage ƙyama, amma ta bar shi a kundin saboda masu bukata su iya samun kulawa a asibiti.

Mutum nawa abin ya shafa?

Amsar ta danganta da yadda aka yi ƙidayar. Kundin DSM na 2013, wanda ya dogara da waɗanda suka je asibiti, ya ce mutum 5 zuwa 14 ne cikin maza 100,000, da kuma 2 zuwa 3 cikin mata 100,000.

Idan kuwa aka tambayi jama'a yadda suke ɗaukar kansu, adadin kan ƙaru sosai. A ƙidayar jama'ar Kanada ta 2021, kusan mutum ɗaya cikin 300 masu shekara 15 zuwa sama ya ce jinsinsa ya saɓa da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa. Ba dukkansu ne ke cikin ƙunci ko neman magani ba.

Me ke haddasa shi?

A shekarun 1950 da 1960, wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Money, ya yaɗa ra'ayin cewa tarbiyya ce ke sa yaro ya ji shi namiji ne ko mace, muddin aka fara tun yana jariri.

An gwada wannan ra'ayi a kan David Reimer, wani ɗan tagwaye da aka haifa a Kanada a 1965, wanda al'aurarsa ta lalace wajen kaciya. Bisa shawarar Money, aka yi masa tiyata aka rene shi a matsayin mace. Bai taɓa amincewa da hakan ba, kuma da aka faɗa masa gaskiya yana ɗan shekara 14 sai ya koma rayuwar namiji. An bayyana ainihin labarin a 1997, shi kuma ya kashe kansa a 2004.

Wani darasin ya fito ne daga Jamhuriyar Dominikan. A shekarun 1970, Dokta Julianne Imperato-McGinley ta yi nazarin wasu yara maza da ake haifa da siffar mata saboda ƙarancin wani sinadari, sai lokacin balaga halittarsu ta maza ta bayyana. Daga cikin 18 da aka rena a matsayin mata, 17 sun koma ɗaukar kansu maza.

Waɗannan sun sa masana da dama ke ganin cewa homon da ɗan tayi ke samu a ciki na da tasiri. To amma ba shi kaɗai ba ne, domin daga cikin 'yan mata masu larurar CAH, waɗanda suka samu homon na maza mai yawa tun suna ciki, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke fama da ƙuncin jinsi.

A 1995 wasu masu bincike a Holan suka ba da rahoton cewa wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwar maza shida da suka sauya jinsi ya yi daidai da na mata a girma. Sai dai adadin ya yi kaɗan, kuma mutanen sun sha homon shekara da shekaru.

Nazarin tagwaye ma bai raba gardama ba. Wani nazari na 2012 ya gano cewa a kusan kashi 40 cikin 100 na tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya na da larurar to ɗayan ma na da ita. Wani binciken da aka yi a Suwidin aka kuma wallafa a 2022 bai samu irin wannan sakamako ba.

Matsayar da ta fi rinjaye a yau ita ce gado, da homon, da yanayin rayuwa duk suna da hannu, kuma ba a gano sanadi guda tilo ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa masu wannan larura sun fi sauran jama'a fama da ciwon damuwa, da fargaba, da tunanin kashe kai. Haka kuma larurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a, ta fi yawa a cikinsu.

Kulawar da ake bai wa manya

A ƙasashen da ake wannan aiki, akan fara ne da bincike da tattaunawa da likitan ƙwaƙwalwa. Wasu kan tsaya a nan. Wasu kan ci gaba zuwa shan homon na ɗaya jinsin, wasu kuma har zuwa tiyata.

Testosteron na sa murya ta yi kauri, gemu ya fito, kuma muryar ba ta komawa yadda take. Estrojin na sa nono ya fito, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Dukkansu na iya rage haihuwa, cire 'ya'yan maraina ko mahaifa kuwa na kawar da ita baki ɗaya.

Tiyata ba ta sauya kuromozom. Wanda aka haifa namiji ba ya samun mahaifa, wadda aka haifa mace kuma ba ta samar da maniyyi.

Wani nazari da aka wallafa a 2018 kan mutum 6,793 da suka je asibitin Amsterdam tsakanin 1972 da 2015 ya gano cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa babbar tiyata ne suka nuna nadama. Masu suka na cewa da yawa daga cikin majinyatan sun daina zuwa asibitin, ba a san abin da ya same su ba.

A Suwidin kuma, wani nazari na 2011 kan mutum 324 ya nuna cewa ko bayan tiyata, yawan kashe kai a cikinsu ya zarce na sauran jama'a. Marubutan sun ce wannan ba ya nufin tiyatar ce sanadi, amma yana nuna cewa ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Taƙaddama kan yara

Babban saɓanin likitoci na kan waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

Tsofaffin bincike sun nuna cewa akasarin yara ƙanana masu wannan larura sukan rabu da ita bayan sun balaga. Masu sukar waɗannan bincike na cewa ƙa'idojin wancan lokaci sun haɗa har da yaran da ba su da larurar tun farko. Idan kuwa ƙuncin ya ci gaba bayan balaga ta kankama, ya fi yiwuwa ya dore.

A shekarun 1990 likitoci a Holan suka fara bai wa wasu matasa allurar dakatar da balaga, wadda dama ake amfani da ita ga yaran da balaga ta zo musu da wuri. Manufar ita ce a ba matashi lokacin yin tunani kafin jikinsa ya sauya. Sakamakon da suka wallafa a 2011 kan matasa 70, da na 2014 kan 55, ya nuna ci gaba a lafiyar ƙwaƙwalwarsu, sai ƙasashe da dama suka kwaikwayi tsarin.

Daga baya lamarin ya sauya. A asibitin Tavistock da ke Landan, yaran da ake turawa sun tashi daga ƙasa da 250 a shekarar 2011 zuwa 2012, suka haura 5,000 bayan shekara goma. A da yara maza suka fi yawa, amma sai aka koma samun 'yan mata matasa, da yawansu kuma na da wasu matsalolin ƙwaƙwalwa. Wasu masana na danganta ƙaruwar da raguwar ƙyama, wasu kuma na zargin tasirin abokai da shafukan sada zumunta.

Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun taƙaita amfani da magungunan, suka fifita kulawar likitocin ƙwaƙwalwa.

A Ingila, Dokta Hilary Cass, tsohuwar shugabar ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya, ta shafe kusan shekara huɗu tana bincike tare da masana daga Jami'ar York. Rahotonta ya ce babu ƙwararan hujjoji kan amfanin allurar a tsawon lokaci, kuma akwai damuwa kan ƙarfin ƙashi. Ya kuma lura cewa mafi yawan waɗanda suka fara allurar sukan wuce zuwa shan homon. An rufe sashen na Tavistock a watan Maris na 2024, a watan Disambar shekarar kuma gwamnati ta hana sayar da allurar ga 'yan ƙasa da shekara 18 masu wannan larura har sai abin da hali ya yi.

A ɗaya ɓangaren, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta goyi bayan wannan magani a 2018, ta kuma sake jaddada matsayinta a 2023, ko da yake ta ba da umarnin a sake nazarin hujjojin. Masu wannan ra'ayi na cewa barin balaga ta ci gaba shi ma mataki ne da ba a iya juyawa, kuma yana iya tsananta ƙuncin wasu matasa. Duk da haka, fiye da jihohi 20 na Amurka sun kafa dokokin hana shi.

Matsayin malamai

A 1989 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka, ta yanke cewa bai halatta a sauya jinsin wanda halittarsa ta namiji ko ta mace ta cika ba. Amma ta halatta a yi wa khunsa magani ko tiyata domin a tabbatar da jinsin da ya rinjaya a jikinsa.

Shekara guda kafin nan, Muftin Masar na lokacin, Sheikh Muhammad Sayyid Tantawi, ya ba da fatawa a kan wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar da aka yi wa tiyata. Ya ce aikin na halatta idan amintaccen likita ya tabbatar da larura, amma ba don son rai kawai ba. Har yanzu masana na saɓani kan iyakar abin da fatawar ta ƙunsa.

A Iran kuwa, Ayatullah Khomeini ya halatta tiyatar a shekarun 1980, abin da ya sa doka ta amince da ita a ƙasar bisa sharaɗin binciken likitoci da izinin kotu.

Inda aka haɗu

Duk da zafin muhawarar, akwai abubuwan da ɓangarorin likitoci suka yi tarayya a kansu. Sun yarda cewa ƙuncin na gaske ne, cewa ba a bai wa yaron da bai fara balaga ba homon ko allura, kuma cewa dole a binciki sauran matsalolin da ke tare da larurar, kamar ciwon damuwa.

Rahoton Dokta Cass kansa ya ce an bar waɗannan yara suna jira shekara da shekaru ba tare da kulawar da ake bai wa sauran yara masu damuwa ba, kuma zafin gardamar manya ya ƙara musu wahala.

Bincike da dama sun nuna cewa duka, da tozartawa, da kora daga gida na ƙara haɗarin kashe kai ga matashin da ke cikin wannan hali. Shawarar likitoci ga iyaye ita ce su kai shi wurin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. Jaririn da aka haifa ba a tantance jinsinsa ba kuwa, a garzaya da shi babban asibiti tun a kwanakin farko.